Jagora ga Mai Gida a Gefen Birnin Sakkwato: Ruwa, Inuwa, Wuta da Shara

Mafi yawan gidajen da ake ginawa yanzu a gefen birnin Sakkwato, daga Arkilla da Bado zuwa Tamaje da Kwannawa da hanyar Wamakko, suna zaune ne a kan filayen da ba da jimawa ba gonakin gero ne masu gawo da kalgo da sabara. Ranar da za a aza harsashi, abu na farko da ake yi shi ne sare duk abin da ke tsaye a filin, sannan a zagaye shi da katangar bulo, a rufe ginin da kwano, daga baya kuma a malale tsakar gida da siminti. Wanda ya tare a irin wannan gida yakan tarar da cewa samar da ruwa a wuyansa yake, rabin wutar da zai sha a wuyansa take, haka ma kwashe shara, domin bututun gwamnati da motar shara ba kasafai suke riga mutane isa sabuwar unguwa ba. Wannan nauyi ne babba, amma yana nufin cewa yadda muhallin unguwar zai kasance nan da shekara ashirin yana hannun masu gidajen ne fiye da kowa.

Na lura cewa da zarar an yi maganar kare muhalli a gida, hankalin mutane yakan tafi ga sayen sola, sai a ga kamar abin na masu hannu da shuni ne. A ganina an fara daga ƙarshe. A ƙasa irin tamu, inda zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, damina kuma ba ta wuce wata huɗu, aikin yana da jeri: ruwan da aka tattala shi ke raya itace, itacen ya sanyaya gida, gidan da ya yi sanyi ya rage cin wuta, sharar madafa kuma ta koma taki ta ciyar da itacen. Wanda ya bi wannan jeri zai kashe kuɗi kaɗan a farko, kuma duk abin da zai saya daga baya zai zo daidai da buƙatarsa.

Mataki na farko: mako guda na lura

Kafin ka sayi komai, ka nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta ka ware mako guda. Kullum ka rubuta jarka nawa aka saya daga 'yan garuwa, ko sau nawa aka cika tanki. Ka rubuta abin da mitar wuta ta nuna da safe, da litar fetur da janareta ya sha, da kuɗin gawayi ko itace. Ka leƙa kwandon shara kafin a zubar, ka ga me ya fi yawa a ciki. Da misalin ƙarfe uku na rana ka zagaya gidan kana dafa bango da tafin hannu, domin ka san ɗakin da rana ta fi gasawa. Idan damina ce, ka fito lokacin da ake ruwa ka ga inda yake bi da inda yake kwanciya.

Kada ka yi wannan aikin kai kaɗai, domin uwargida ta fi ka sanin inda abubuwa suke salwanta. Lokacin da na fara nawa lissafin na tambaye ta jarka nawa muke ƙararwa a yini, sai ta ce, "Malam, kafin ka ƙirga na cikin jarka, zo ka ga wanda ƙasa ke sha." Ta kai ni bayan bandaki, inda bututun da ya sauko daga tanki yake tsatsafo a mahaɗa. Bangon ya yi gansakuka, ciyawa kuma ta yi kore shar a gindinsa a tsakiyar watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau. Gyaran bai ɗauki rabin awa ba, amma an yi watanni ana asarar ruwan.

Mataki na biyu: ruwa

Mutumin Sakkwato ya ga fuskokin ruwa biyu. A watan Satumba na 2010 ambaliyar kogin Rima ta ci garuruwa da gonaki, ta karya gadar da ke kai mutane mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A bazarar 2018 kuma ruwan madatsar Goronyo, wadda birnin ya dogara da ita, ya janye har ya rage kimanin kashi goma cikin ɗari na abin da take ɗauka. Ruwa yana zuwa mana da yawa cikin 'yan makonni, sannan ya ɓace na tsawon wata takwas, don haka aikin mai gida shi ne ya riƙe shi idan ya zo, ya kuma yi amfani da shi sau biyu kafin ya sake shi.

Ka fara da toshe yoyo. Ka ajiye kofin da ke ɗaukar rubu'in lita a ƙarƙashin duk famfon da ke ɗiga. Idan ya cika cikin minti 15, lita guda ke nan a awa, lita 24 a yini da dare, kusan jarka guda kullum. Babbar asara a gidajen da ke da rijiyar burtsatse ita ce tankin da ake bari ya cika ya yi ta ambaliya, ba a kashe inji sai wani ya ji ƙarar zubar ruwa. Mai gyaran famfo zai iya sa maka abin da ke tsayar da ruwa ko kashe injin da kansa idan tanki ya cika, kuma kuɗinsa bai kai na fetur ɗin da ake ƙonawa a banza ba. A bandaki, bokiti da moɗa sun fi shawar da aka sake tana zuba tattali nesa ba kusa ba, haka buta ta fi buɗaɗɗen famfo wajen alwala. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, kuma mudun da ake nufi shi ne cikin tafuka biyu, wanda bai kai lita guda ba.

Daga nan sai ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa da kayan miya, da na ɗaurayar ƙarshe ta wanki, duk suna da amfani ga shuka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gina ɗan dakalin alwala, ka ja siririyar makwarara daga gare shi zuwa gindin itace, ka zuba tsakuwa a ƙarshenta domin ruwan ya nutse nan take. Gidan da mutum takwas ke alwala sau biyar a yini yana da abin da zai raya itace biyu ko uku ba tare da an ɗebo ko moɗa guda dominsu ba. Ruwan sabulu a kai shi ga manyan itatuwa kawai, ana sauya musu wuri, kada a zuba shi a kan alayyafo ko latas da za a ci. Wanda aka sa wa sinadarin cire dauɗa mai ƙarfi, da na wankin ƙyallen jarirai, a tura su sokawe. Kowane iri ne kada ya kwana a buɗe, domin a zafinmu sauro yana kammala girma daga ƙwai cikin kimanin mako guda zuwa kwana goma.

Ruwan sama kuwa lissafinsa yana da ban mamaki. Milimita guda na ruwa a kan murabba'in mita guda lita guda ce. Sakkwato tana samun kimanin milimita 600 ko fiye a shekara, saboda haka rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana karɓar lita 60,000 a damina guda, wato jarka 2,400 mai lita 25. Ko da kashi ɗaya cikin biyar ya salwanta, abin da ya rage yana da yawa. Ka sa a kafa maka makwararar kwano a bakin rufi, mai ɗan gangare zuwa bututu guda da zai shiga tanki, a rufe bakin tankin da raga mai ƙananan ido. Ruwan farko na damina, da na 'yan mintocin farko na kowane ruwa, a bar shi ya zube, domin shi ke wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye. Abin da aka tara ya isa wanki da wanka da ban-ruwa, amma idan za a sha sai an tafasa.

Ruwan sama mai milimita 20 kacal zai cika tankin lita 2,000 daga irin wancan rufi, don haka yawancin ruwan zai fi ƙarfin tankinka, kuma ma'ajin da ya fi kowane girma shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin gidan. Ka haƙa rami mai zurfin mita guda, nesa da harsashi da aƙalla mita uku, ka cika shi da fasassun bulo da tsakuwa, ka juya rarar ruwan zuwa cikinsa. A nan ne nake roƙon masu gini da su daina malale tsakar gida gaba ɗaya da siminti. A shimfiɗa hanyar mota da ta ƙafa, a bar sauran ƙasa tana numfashi. Simintin yana tura ruwan kan titi ya cinye hanyar unguwa, da rana kuma ya sha zafi ya yi ta fesar da shi har tsakar dare. Wanda zai haƙa rijiya ko burtsatse ya nisanta ta da masai da sokawe, nasa da na maƙwabci, da kimanin mita 30 idan fili ya ba da dama. Inda filaye suka yi ƙanana, gara gida uku ko huɗu su haɗu a kan burtsatse guda da aka zaɓa wa wuri mai kyau.

Mataki na uku: itace

Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Najeriya da ke bakin kwararowar hamada, waɗanda shirin babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafa. Amma duk wanda ya taɓa dashe ya san cewa sa itace a ƙasa aikin yini guda ne, raya shi kuwa aikin bazara biyu ne, kuma mai gida da ke kwana kusa da itacensa ya fi kowa damar yin wannan.

Ka fara da duba abin da ke filinka. Idan akwai kututturen gawo ko kalgo ko magarya da ke tofo, kada ka tone shi, domin yana da saiwar da ta riga ta yi nisa cikin ƙasa. Ka zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ka riƙa maimaita haka. Da wannan dabara, wadda suke kira sassabin zamani, manoman yankin Maraɗi a Nijar suka maido da itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, kuma irin wannan tofo yana riga sabon dashe girma.

Wurin da za ka dasa ya fi yawan abin da za ka dasa muhimmanci. Bangon yamma shi ne ke shan ranar la'asar, kuma shi ne ke sa ɗaki ya zama tanda da dare, don haka itacen farko can zai tafi, na biyu kuma gabas. Dogonyaro yana jure fari, yana saurin yin inuwa, ganyensa kuma ba ya ƙarewa a bazara, amma saiwarsa tana da ƙarfi, sai a nisanta shi da harsashi da sokawe da mita biyar ko shida. Ƙofar gida ta fi dacewa da shi. A cikin gida zogale ya fi komai saurin biyan mai shi, domin cikin 'yan watanni za a fara tsinkar ganyensa, ga shi ba ya cin wuri. Lemun tsami da gwaiba suna yin kyau a ƙarshen makwararar alwala. Mangwaro yana son ruwa sosai a shekarunsa na farko, sai wanda ya tabbatar da ruwansa. Tsamiya da kurna da aduwa suna da jinkiri, amma 'yan ƙasa ne, idan suka kama ba su ƙara neman komai a wurinka, kuma ina ganin ya kamata kowane gida mai fili ya sa aƙalla guda saboda jikoki. Itacen turare kuwa a nisanta shi da rijiya da lambu, saboda yawan shan ruwansa.

Ramin a haƙa shi a watan Mayu, faɗi da zurfi kimanin santimita 60, a ware ƙasar sama daban a cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, a mayar a bar shi ya sha ruwan farko. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Dashen a yi shi a watan Yuli, lokacin da damina ta zauna, da yamma. A yanke ledar da aka reni shukar a ciki a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba, a sa shi daidai zurfin da yake a leda, a danna ƙasa, a yi masa ɗan gurbi kamar kwano. A rufe gurbin da busasshen ganye, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen, a barbaɗa toka saboda gara. Idan a waje yake, kewaye wajibi ne tun ranar farko, da ƙaya ko waya ko bulon da aka jera da tazara, domin akuya guda tana iya gama aikin shekara cikin minti biyar.

Ga dabarar da ta cece ni a bazara. Na sayi ƙaramin tulu na ƙasa, na binne shi har wuya kimanin taku guda daga gindin lemun tsami, na cika shi da ruwa na kife masa tsohon kwano. Jikin tulun yana tsatsafo a hankali, ƙasar da ke kewaye tana jan ruwan gwargwadon bushewarta, rana kuma ba ta samun abin da za ta shanye a sama. Sau biyu a mako nake cika shi. Da na tone gefe bayan wata shida, na tarar da siraran saiwoyi farare sun lulluɓe jikin tulun kamar saƙa.

Mataki na huɗu: zafin ginin

Kakanninmu sun yi gini da tubali mai kauri da rufin soro, wanda ke jinkirta shigar zafi har rana ta faɗi. Bulo da kwano ba su da wannan hali, sai an taimaka musu. Ɗakin da ba shi da silin a sa masa, a kuma bar ƙofofin iska masu raga a ƙarƙashin rufi ta ɓangarori biyu domin zafin da ya taru tsakanin kwano da silin ya sami mafita. Farin fenti a kan rufi da bangon waje yana mayar da hasken rana, baƙi da ruwan ƙasa mai duhu kuwa suna shanye shi. Wanda zai sayi sabon kwano ya tuna da wannan kafin ya bi abin da ake yayi. Kafin itacen yamma ya girma, a yi wa tagogin wannan ɓangare rumfar zana ko a rataya asabari ta waje, domin tare rana kafin ta taɓa gilashi ya fi labulen ciki amfani. A bazara a rufe tagogi da hantsi, a buɗe su bayan magariba ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna.

Randa a inuwa har yanzu tana ba da ruwan sanyi ba tare da wuta ba, kuma busasshiyar iskarmu ita ce ke sa ta aiki da kyau. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu da jiƙaƙƙen ƙyalle a sama, domin adana tumatir da tattasai da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Kowa zai iya haɗa ta a gida.

Mataki na biyar: wuta

Yanzu ne lokacin duba lantarki. Ƙwan fitila goma masu wat 60 da ke ci awa shida suna shan yunit 3.6 a yini. Idan aka maye su da na zamani masu wat 9, abin zai koma kimanin rabin yunit, ragin kusan yunit 90 ke nan a wata. Tsohuwar firiza ta gwanjo takan zama babbar mai cin wuta a gida. Ka rufe ƙofarta a kan takarda ka ja. Idan takardar ta zare ba tare da turjiya ba, robar bakin ta mutu, a sauya ta. A ɗaga ta daga jikin bango, a raba ta da rana da murhu. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya tsayar da ita a digiri 25 ko 26 tare da fanka, ya rufe ƙofa, ya riƙa wanke ragarta, musamman bayan hunturu. Guga kuma a tara a yi ta lokaci guda.

Bayan an rage duk wannan ne za a kira mai haɗa sola, a ba shi lissafin da ke cikin littafin nan, domin ya auna abin da ya dace da gidan. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, sola ta zama hanyar tsira ga gidaje da yawa, kuma rana ba ta yi mana rowa ba. Birnin yana kan kimanin digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka faifan solar ya fuskanci kudu da ɗan jingine mai kusan wannan awo, inda inuwar tanki ko itace ba za ta faɗa masa ba. Ƙura ce babbar abokiyar gabarsa: a hunturu a goge shi aƙalla sau ɗaya a mako da ruwa kaɗan da tattausan ƙyalle, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Batir a ajiye shi wuri mai iska, kuma idan ya mutu a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho, kada a bari a fasa shi a gida ko yara su yi wasa da shi, domin yawancin batura suna ɗauke da dalma. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara kimanin 400 a 2010 sanadiyyar gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Janareta kuwa a waje yake kwana, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba, baƙin mansa kuma a tara a galan a kai wa makanike, kada a tuttular a ƙasa ko a kwata.

Mataki na shida: madafa

Kowane buhun gawayi itace ne da aka sare a wani daji. Wanda ke da hali ya koma gas, ya ajiye tukunyar a tsaye a wuri mai iska, ya riƙa gwada mahaɗar tiyo da ruwan kumfa. Idan ya ga kumfar tana tasowa, akwai yoyo. Wanda bai da hali ya bar murhun duwatsu uku, wanda iska ke kwashe yawancin zafinsa, ya koma rufaffen murhu na laka ko na ƙarfe da ke rungume gindin tukunya. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan murahu. Jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, da busasshen itace da aka faskara ƙanana duk suna rage wuta. Shinkafa ko wake da suka tafasa sosai za a iya sauke su a naɗe tukunyar da tsohon bargo a cikin kwando, su ƙarasa nuna da zafin kansu. A lokacin sanyi kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa.

Mataki na bakwai: shara

Idan ka duba abin da ka rubuta a makon farko, za ka ga cewa sharar gida kashi uku ce: mai ruɓewa, mai sayuwa, da leda. A ajiye mazubi uku a bayan madafa, a koya wa yara da masu aiki, domin rabuwar tun daga hannun mai zubarwa take farawa.

Mai ruɓewa ita ce mafi yawa. Wadda dabba za ta ci, kamar ɓawon kankana da dusa da ragowar tuwo, a ba awaki da kaji. Sauran a kai rami. Ka haƙa ramuka biyu a inuwa, kowanne faɗin mita guda, zurfin kamu uku. A shimfiɗa busasshen ganye da yankakken kara, a bi da ɓawon kayan miya da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yayyafa ruwa, a ci gaba da haka hawa-hawa. Laimarsa ta zama kamar ta tsumman da aka matse. Idan ya yi wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. Idan ya ƙi ruɓewa, ya bushe ne. A juya shi duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi mai ƙamshin ƙasar damina, a lokacin kuma ana cika rami na biyu. Nama da mai kada su shiga, saboda ɓeraye da ƙudaje. Ranar layya, abin da aka fitar daga tumbin rago a zuba shi can ƙasan ramin a rufe da ƙasa mai kauri, jinin a binne shi, fatar kuma a sa mata gishiri da wuri a miƙa ta ga masu buƙata kafin ta lalace.

Gwangwani da ƙarfe da gorar roba da kwali da tsofaffin takalman roba duk suna da masu saye, a tara su a buhu har 'yan gwangwan su zo wucewa. Leda ce ba ta da mai so, don haka maganinta shi ne hana ta shigowa. A rataya jaka ko kwando kusa da makullin mota ko babur domin cefane, a aiki yaro sayen koko ko ƙosai da kwano mai murfi, a sa randa ko gorar da ake sake cikawa a madadin ruwan leda. Mahauta sun sha fito da dunƙulen leda daga tumbin shanu da awakin da suka rame suna ci ba ƙiba. Ƙona ta kuma, wanda shi ne al'adar yawancin sababbin unguwanni da magariba, yana fitar da hayaƙi mai guba da ke shiga ƙirjin yara da masu asma. Wadda ta taru a cusa ta a buhu a ɗaure, a kai inda hukuma ta ware. Ƙananan batura, da fasassun dogayen ƙwayayen fitila, da ragowar maganin ƙwari, a ware su a gwangwani mai murfi inda hannun yaro ba zai kai ba.

Mataki na takwas: bayan katanga

Sauro da hayaƙi da ambaliya ba su san iyakar fili ba, saboda haka akwai aikin da sai an haɗa hannu. Ka sami maƙwabta biyu ko uku da suka ga abin da ka yi a gidanka, ku je wurin mai unguwa tare, ku ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne a kan kwatar layinmu da filin da ake zubar da shara, muna neman a sa mana rana kafin ruwa ya sauka." Ku roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallah. Abubuwa uku ake buƙatar a daidaita a kansu: wuri guda na tara shara, kuɗin da kowane gida zai riƙa bayarwa domin mai kura ko mota ta kwashe, da mai kula da kowane itacen da aka dasa a bakin layi, da sunansa, domin a san wanda za a tambaya idan ya bushe. Masu filayen da ba a gina ba a neme su, a nemi izinin share su, domin su ne ke zama juji.

Yasar kwata a yi ta a watan Mayu, a fara daga inda ruwan ke fita a hauro zuwa sama, masu aiki su sa takalmin roba da safar hannu. Abin da aka fito da shi a raba: yashin a cike ramukan hanya da shi, ledar a zuba a buhu a kwashe a ranar, domin idan aka bar ta tule a bakin kwata, iskar hadarin farko da ruwan da ke biye da ita za su mayar da ita ciki kafin gari ya waye.